Turun Kawu

Shekarar da fara ta cinye hatsi, ina saurayi, baba ya miƙa ni ga kawuna a Gure in koyi maganin masu taɓin hankali. Sana'ar gidansu ce. Daga Kelle, daga Gamu, ana kawo masa mutane a kan jaki, wasu ɗaure da igiya.

Na zaci rubutu da saiwa zan koya. Abin da ya fara nuna mini turu ne, gungumen ice mai rami inda ake zura ƙafar mutum a datse.

Akwai wani makiyayi da shanunsa suka mutu kakaf. Ba ya duka, ba ya zagi, magana kawai ya daina. Kawu ya sa shi a turu bayan rumbu. Kafin kwana goma ƙafar ta ruɓe. Na kai masa fura, na ga tsutsa na motsi a idon sawunsa. Na koma gefe na yi amai.

"Kawu, ƙafar nan fa za ta lalace."

"Ba shi ke jin zafin ba, aljanin ne," ya ce, yana tauna goro. "In zuciyarka ba ta ɗauka, tafi gona."

Ran Juma'a muka binne mutumin. Na bi ayari zuwa Damagaram, don na ji likitan Nasara na koya wa samari aiki. Na gaya wa tafintansa ina so in koyi maganin masu taɓin hankali. Likita ya yi dariya: wai wannan karatu sai a ƙasarsu, kuma ba na irina ba ne. Aka dai ɗauke ni aiki, shekara biyu ina wanke gyambo. Masu taɓin hankalin kuwa a wani ɗaki marar taga ake kulle su, mai gadi na tura musu ƙwaryar tuwo da ƙafa. Ko wucewa ta ƙofar na yi, sai na toshe hanci.

Da aka maido ni ɗakin magani na Gure, aka kawo mini wata mata ɗaure da igiya, wadda ta rasa ƴaƴa biyu a mako ɗaya. Na sa aka kwance ta, na shimfiɗa tabarma, na zauna nesa kaɗan.

"Malam, maganin fa?" in ji wanta.

"Bari tukuna ta yi magana."

Sai a rana ta huɗu ta faɗi sunan ƙaramin. Bayan wata guda ta koma gidanta, tana daka da kanta. Babu takardar da aka taɓa ba ni a kan wannan aiki.