Ya Faɗi Inda Za a Tare Hanya

Shekara shida ke nan da aka kashe ƙanena Nasiru a Talata Mafara. Na daɗe ina karanta labarai a gidan rediyo, na san yadda ake tausasa magana a ce wane ya rasu. A nan ba zan tausasa ba. Ya bar 'ya ɗaya, Hauwa'u, tana goye a lokacin, kuma a bana ne aka yanke ko za ta ci gaba da amsa sunansa.

Nasiru mai gyaran waya ne. Shagonsa yana bakin tasha, inda ake lodin Bakura da Maradun, kuma in aiki ya lafa yakan yi rubutu a shafinsa na intanet. Ba shi da fanni guda. Yau zai tambayi dalilin cusa mutum biyu a kujerar gaba har direba ya rasa inda zai sa giya, gobe ya zana yadda za a fitar da tasha daga tsakiyar gari don a samu numfashi ranar kasuwa, jibi ya yi bayanin abin da ke kashe batirin sola. Amma abin da ya fi ɗauke masa hankali shi ne littattafan zane na Japan da ake kira manga. Yakan ce mutanen nan 'yan'uwanmu ne, tunda daga dama suke fara karatu kamar mai riƙe da allo. Labaran kashi-kashi suke fitowa, sai shi da wasu samari da bai taɓa gani ba su yi ta hasashen abin da zai biyo baya: wa zai mutu, wa zai ci amana. Yawanci yana canka daidai, kuma yana ji da kansa a kan haka.

Da irin wannan idon ya kalli hanyar Maradun. Ya rubuta cewa akwai wani kwalbati da ya karye, inda dole kowace mota ta rage gudu har ta kusa tsayawa, ga daji hagu da dama, ga 'yan kasuwa suna dawowa a ranar da kowa ya sani. Ya ce da shi ɗan fashi ne, nan zai zauna. Ya roƙi a cike wurin, ko direbobi su riƙa tafiya a ayari. Mutane kaɗan suka kula. Wani ya rubuta a ƙasa: "Injiniyan tasha ya fara."

Ba a daɗe ba aka tare hanya a daidai kwalbatin. Aka harbe direba, aka kora fasinjoji daji.

Kafin gari ya gama jimami, rubutun da ba wanda ya karanta ya shiga kowace waya. Ban ji wanda ya tambayi me ya hana a saurare shi ba. Tambaya ɗaya ake yi: ina ya sani? A wancan lokacin, a ƙasarmu, kalmar infoma, wato mai kai wa 'yan bindiga rahoto, ba ta buƙatar shaida.

Ranar da aka zo masa ba na gari. Malam Isa mai faci, maƙwabcin shagonsa, shi ya ba ni labari. Da hantsi wasu mutane da suka ɗora wa kansu tsaron gari suka zo, wani dattijo da ya san mahaifinmu yana gabansu. Ya karɓi wayar Nasiru, aka yi ta ja masa shafin har aka iso wani zanen mutum da takobi. A ƙasa Nasiru ya rubuta cewa wannan ba zai kai ƙarshen wata ba, kuma na kusa da shi ne zai bashe shi.

Dattijon ya ce, "Wane na wanga da ka ce ba ya kai ƙarshen wata?"

"Baba, zane ne. Labarin Japan ne, ba mutum ba ne."

"Ya mutu ko bai mutu ba?"

Malam Isa ya ce Nasiru bai iya musun abin da ya canka ba.

"Ya mutu, Baba."

Dattijon ya juya ga mutanensa. "Kun dai ji. Shi ma ya mutu."

Suka tafi da shi bayan gari. Bayan la'asar aka ce a je a ɗauko. Sahun jana'izarsa bai cika ba.

Nakan yi tunanin abin da zai ce da yau. Bai ga lokacin da aka katse layukan waya a jihar nan ba, da ya sami abin rubutawa ya rasa inda zai sa. Bai ga na'urar da ake yi wa tambaya ta rubuto amsa ba, da ya kwana biyu yana neman ya kama ta da ƙarya. Abin da ban san yadda zai ɗauka ba shi ne, yanzu kowace safiya samari na rubuta wace hanya ce lafiya, wace ce ba a bi, ana kuma yi musu addu'a a ƙasa. An gyara kwalbatin. Dattijon yana nan da ransa. In mun haɗu a masallaci yakan riƙe hannuna ya yi doguwar gaisuwa, ina gajiya, ina iyali, yaya haƙuri.

Hauwa'u tana Bakura tare da uwarta, a gidan kakanta na wajen uwa, Alhaji Garba. Ta shiga makaranta, kuma yara sun riga ta sanin labarin. Ɗiyar infoma suke ce mata. Da damina Alhaji ya kira ni, ya ce abu biyu yake so: in rufe shafin, tunda ni ke riƙe da shi, kuma in yarda a sa mata sunansa a makaranta maimakon na ubanta. Na ce masa shafin nan shi kaɗai ne shaidar Nasiru, duk wanda ya karanta da hankali zai ga gargaɗi ya yi.

Ya ce, "Wa ka karanta shi da hankali, Malam? Kai kana birni. Ita nan za ta girma, nan za a zo neman aurenta."

Na rufe shafin da hannuna.

Al'adar irin wannan rubutu ce a ƙare da abin da mamaci ya bari. Shagon ya zama wurin sayar da fetur a kwalba. Samarin da suke hasashe tare da shi ba su ma san ya mutu ba, a wurinsu ya daina zuwa ne kawai. Makon jiya na je Bakura. Hauwa'u ta durƙusa ta gaishe ni, goshin Nasiru sak. Na ce mata, ɗiyar wa ce wannan? Ta ɗaga ido ta dubi uwarta tukuna, ta ga abin da aka yarda ta faɗa, sannan ta ce, "Ɗiyar Alhaji Garba."