Rakiyar da aka yi mini a Tudun Wada

Shekaru masu yawa baya, bayan ruwan Tiga ya cinye garinmu an mayar da mu sabon matsuguni a ƙasar Bebeji, na ƙudura tafiya aikin haƙar kuza a Riruwai. Na gama firamare, gonar da aka ba mahaifina tsakuwa ce zalla, kuma ni ne babba a gidan. Labari ya bazu cewa ana ɗaukar samari masu ɗan karatu zuwa rami na ƙarƙashin ƙasa.

Mahaifina bai hana ni ba. Ya dai ce ba zan tafi ba sai na ji daga bakin wanda ya yi aikin. Ya haɗa ni da kawuna zuwa Tudun Wada, wurin wani dattijo da ya daɗe yana shugabancin leburori a Riruwai kafin ya ajiye. Ba roƙon aiki ya kai mu ba, jin yadda aikin yake ne kawai.

Mun same shi a zaure cikin mutane, har da iyayen da shi ya sama wa 'ya'yansu aikin. Bayan gaisuwa kawuna ya gabatar da ni. Na durƙusa na jero tambayoyin da na haddace a mota: yaya albashi, ana ba da ɗaki, da gaske ne ana raba takalmi da hular kwano? A gaskiya hular ce ta fi tsaya mini a rai.

Ya amsa kowacce a natse. "Aiki ne mai albarka, yaro. Da shi na gina gidan nan, da shi na sauke farali." Iyayen suka gyaɗa kai. Kawuna ya zungure ni, alamar mu tashi.

Da muka yi sallama sai ya jawo takalmansa zai raka mu. Na ce, "Baba, a huta, mun gode."

"Kai za ka koya mini sallamar baƙo?" Ya dubi kawuna. "Malam, yi gaba ka tare muku mota. Ni da ɗan nan muna tafe."

Daga ƙofar gidansa zuwa bakin titi babu nisa, amma a tsakiyar hanya ya tsaya ya dafa katanga, ƙirjinsa yana ƙara kamar zugazugin maƙeri. Na kau da kai don kunya.

"A'a, dube ni," in ji shi. "A zaure ba zan aibata abin da ya ciyar da ni ba. Mutanen can kuma 'ya'yansu suna cikin rami yanzu haka. Me zan faɗa musu su koma gida da shi?" Ya yi tari mai tsawo, na jira. "Tambayoyinka ba laifi. Amma ba ka tambaye ni inda nawa 'ya'yan suke ba."

"Ina suke, Baba?"

"Suna noman masara a Doguwa. Wanda ya ce zai shiga rami, na ce masa sai bayan raina."

Da na faɗa wa mahaifina, ya daɗe yana kallon gonar nan, sannan ya ce in haƙura da rami, gobe in bi masunta zuwa ruwan Tiga. Shekarar ta yi mana tsanani. Kawuna ya jima yana cewa na sa ƙafa na shure arziki. Wani abokina da ya tafi Riruwai ya dawo da babur, lafiyarsa ƙalau har yau, don haka ba zan rantse cewa ramin zai cutar da ni ba. Na dai san na yanke shawara ne bayan na ji duka, ba rabi ba.

Daga baya aikin rediyo da na samu ya zaunar da ni gaban mutane iri-iri, na kuma gane dattijon bai yi ƙarya a zaure ba. Akwai gaskiyar da mai mutunci ba ya faɗa a bainar jama'a, sai an ba shi wuri.

Yanzu ni matasa suke zuwa tambaya game da aikina. Nakan amsa musu a ɗaki gwargwadon abin da ɗaki zai ɗauka. Idan suka miƙe suka ce, "Baba, a huta," sai in laluba takalmana.