Rabe da Kazar Hajiya

Ni Asibi, masara nake gasawa a bakin titin da ya nufi Gashuwa, nan Nguru, kuma duk damina kaskona yana jingine da teburin Rabe mai gasa kaza. Saboda haka kada wani ya ce zai ba ni labarinsa.

Ubansa daga Haɗeja ya zo, ya rasu ya bar masa ragar gashi da mafici da haƙurin da ba ya da amfani. Tun yana saurayi yake juya kaza a kan garwashi, ga shi yau furfura ta fito. Mutumin kirki, wai. Kai da ƙafa da wuya su ne rabonsa, tsoka kuwa ta masu manyan riguna ce.

Cikin masu manyan rigunan akwai Alhaji Uwais, dillalin hatsi, wanda ya rantse shi ba ya cin abincin titi. Su Alhaji manya! Wata rana baƙi suka zo masa daga Gashuwa, matarsa Hajiya Rahima ta ƙona kazar da za a ba su ƙurmus. Sai ga ta a keke napep, fuska a rufe, da kula a hannu.

"Malam Rabe, ka rufa min asiri, Allah ya rufa naka."

Ya zuba mata, ya barbaɗa yaji, ya ce ba mai ji. Baƙi suka ci har da siɗe hannu. Daga ranar, duk Juma'a kula takan zo a keke babu komai, ta koma da nauyi.

Alhaji kuwa ya samu abin faɗa a majalisa. Kazar gidansa kaza ce, ta Rabe kuma gawayi da ƙura. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Tun ana dariya har mutane suka fara wuce teburin Rabe suna kau da kai, don wa zai so a ce ɗanɗanonsa bai kai na Alhaji ba? Ranar da kaji suka kwana masa, raina ya ɓaci, na ce, "Rabe, sunanka fa ake kashewa. Buɗe baki!" Ya ce amana ce. Amanar ƙaniya!

Ana haka, wata Juma'a bayan la'asar Alhaji ya tsaya da kansa, da abokansa a mota.

"Rabe, taho gida ka ci kaza, ko ka koyi sana'a."

Ya wanke hannu ya bi su. Mai keken Hajiya ne ya ba ni sauran labari. An shimfiɗa tabarma a zaure, aka ajiye masa kaza sukutum, wadda shi ya fige ta da hantsi. Ya ci, suna kallo. Alhaji ya gyara zama.

"To, ya ka ji hannun Hajiya?"

Kalma ɗaya ta ishi Rabe ya ƙwato sunansa, ta kuma ishe shi ya tona matar mutane a gaban baƙi. Ya dubi ƙasusuwan da ke gabansa.

"Ta fi tawa, Alhaji."

Kafin ya iso tebur, maganar ta riga shi. Har yau a kasuwa Ta-fi-tawa ake kiransa.

Da ya dawo na tare shi da masifa, har masarata ta ƙone. Wallahi kuka ne ya kusa ƙwace min. Shi kuwa ya zauna a benci yana sakace, ya ce, "Yaya Asibi, tunda na fara sana'ar nan ban taɓa zama na cinye kaza guda ba sai yau. Ashe na iya."

Juma'ar da ta zagayo, keke ya tsaya, kula ta sauko. Rabe ya duba ragar, ya zaɓi wadda ta fi ƙiba.