Jinin Baƙo Wanzami

Yayana Baƙo wanzami ne a kasuwar Salka. Duk wanda jiki ya yi wa nauyi, shi ke kafa masa ƙaho, ya nuna masa baƙin jinin da ya fito, ya ce, "Ga ciwonka nan, tashi ka tafi."

Shekarar da aka fito da naira, tuwo ya daina zama a cikinsa. Na kai shi asibiti a Kontagora. Likita ya ce yana zargin ciwon daji ne a hanji, irin wanda kan bar alama a jini, sai a je Zariya a gwada. Ya ce kafin nan a ciyar da shi sosai, don jikinsa ya samu ƙarfin yaƙar cutar.

'Ya'yansa suka ce in dai a jini take, me za a je nema a Zariya? Ai sana'ar gidansu ce. Kullum sai sun kafa masa ƙaho. Na yi faɗa har muryata ta dishe, aka ce me mace ta sani a wanzanci. Shi kuwa yana leƙa kaskon jinin yana murmushi, yana cewa, "Tana fita."

Kafin kaka aka binne shi. A zaman makoki yaran ake ta sa wa albarka, wai ba su bar ubansu a hannun baƙi ba.