Hayaƙin Tandar Umma

Jiya da yamma, bayan an ɗauke ruwa, maƙwabciyata a nan Mararaba ta hura wuta da jiƙaƙƙen itace. Hayaƙin ya biyo taga ya same ni ina yankan alayyafo, sai na ajiye wuƙar. Kai da ba ka taɓa zama ɗakin da hayaƙi yake riga ka tashi ba, za ka ce wari ne kawai. A wurina kuwa ya wuce wari. Nan take tunanina ya koma unguwar Karmo, lokacin ina 'yar firamare, ina kasa kunne ga numfashin ƙanina.

Lokacin farar hula ba su daɗe da karɓar mulki ba, Abuja sai tashi take yi. Tifofi na ta jigilar yashi, benaye na tsirowa, kowa ka gani da 'yar waya a kunne yana rantsuwa yana kan hanya. Mu dai ƙurar tifofin ce rabonmu. Ɗaki ɗaya muke haya a wani gida mai ɗakuna jere suna kallon juna. Baba yana tuƙa tasi kore da fari, ta wani oga ce, Umma kuma tana toya waina a wata 'yar rumfar langa-langa da ke manne da ƙofarmu.

Baba mutum ne da ya fi son rufin asiri a kan abinci. Farar rigarsa ba ta kwana a ɗaki, a but ɗin mota yake ajiye ta cikin leda, don kada fasinja ya ji warin hayaƙi a jikinsa. Idan muka je gida da Sallah aka ce mutanen Abuja sun iso, har wani gyara zaman hula yake yi. Ba wanda ya taɓa jin yadda ɗakinmu yake daga bakinsa.

Da damina ne abin yake ƙazanta. Umma takan zagaye rumfar da buhuna don kada feshin ruwa ya kashe mata wuta, itacen da matan Gwari suke kawowa kuma jiƙe yake. Hayaƙi ba shi da hanya sai ƙofar ɗakinmu. Ƙanina bai iya tafiya sosai ba, kullum yana goye a bayan Umma, in ta sunkuya juya waina shi ma ya sunkuya. Da tari ya fara. Daga baya sai wani siririn fito ya riƙa fita daga ƙirjinsa kamar na butar shayi, haƙarƙarinsa na shiga suna fita. An ba shi zuma, an ba shi jiƙo, an sayo ruwan magani a kemis. Barin tuya kuwa ba a ma kawo maganarsa ba, don da wainar muke ci.

A daminar nan aka kawo mana sabuwar malama. Anti muke ce mata, daga wajen tsaunukan Filato ta fito, Hausarta irin ta kasuwa, mace da namiji duk "kai" ne a wurinta. Mu da muka saba a cika mana allo mu kwafe, sai ga ta ta shigo ta zauna a kan tebur.

"Kowa ya faɗa mini abu ɗaya da yake damun gidansu," in ji ta. "Wanda muka zaɓa, shi ne karatunmu na zangon nan."

Aka yi ta dariya. Wani ya ce ɓeraye, wata ta ce layin famfo, wani ja'iri ya ce yayansa mai minshari. Da aka zo kaina ban shirya komai ba, bakina ne ya riga ni. Na ce ƙanina ba ya iya numfashi. Anti ta sauko daga tebur ta ce, "Kai, yarinya, kai mu gidanku."

Haka na shigo gida da aji guda a bayana. Yara suka cika tsakar gida, suna leƙa rumfa, suna shafa bangon ɗakinmu suna nuna wa juna baƙin da ya kama musu yatsu. Matan gida suka fito bakin ƙofofinsu suna kallo. Umma ta rasa inda za ta sa kanta, ta dai raba wa yaran wainar da ta rage.

Da Baba ya dawo, labari ya riga shi shigowa. Bai dake ni ba, da ma ya daka ɗin. Kallona kawai ya yi ya ce, "Ke ce kika kai asirinmu makaranta?" Washegari ya sa farar rigarsa ya je wurin hedimasta. Sharaɗinsa ɗaya ne: kada ƙafar ɗalibi ko malama ta sake taka gidansa.

Anti ba ta fasa ba. Ta ce tunda an hana mu gidan, za mu gina irin rumfar Umma a bayan aji. Muka tsinto buhuna da tsohon langa-langa muka kafa ta, Umma ta ba ni wata tsohuwar tanda a ɓoye. Daga nan Anti ta rarraba mu. Wasu suka je gidan burodi su gano yadda hayaƙinsu yake fita ta sama. Wasu suka je wurin wata tsohuwar Bagwariya mai ginin tukwane, ta nuna musu inda ake haƙo yumɓu. Wasu aka sa su tara gwangwanayen tumatir, a fasa gindinsu a jona su zama bututu. Lissafinmu ya koma awon faɗin tanda da zare, Turancinmu ya koma bayanin abin da muka gani. Anti kuwa ba ta da aiki sai tambaya. Me ya sa jiƙaƙƙen itace ya fi hayaƙi? Ina hayaƙi yake son zuwa? Wa ya hana shi?

Ga sauran yara wasa ne mai daɗi, ba bulala, ga caɓa laka. Ni kaɗai ce nake ƙirga kwanakin da numfashin ƙanina. Kullum da safe sai na ɗora kunnena a bayan ƙanina kafin in fita, in taho makaranta da wannan fiton a kaina.

Murhun farko muka gina shi da yumɓu, muka rufe shi ruf sai bakin sa itace da gurbin tanda. Don zumuɗi muka hura masa wuta bai bushe ba, ya tsage gida biyu. Na biyu muka jira ya bushe, jiran da ya kusa zautar da ni, don rana ba ta fitowa. Da muka hura shi, hayaƙin ya yi banza da bututunmu ya dawo ta baki, ya cika rumfar, muka fito da gudu muna tari. Yara suna ta ƙyaƙyata dariya. Ni kuwa na kama zanin Anti na durƙusa.

"Anti, don girman Allah ki faɗa mana yadda ake yi. Ki bar tambayar nan. Ƙanina zai mutu."

Ta tsuguna har fuskarmu ta daidaita. Idonta ya yi ja, ban sani ba ko hayaƙin ne. Ta ce, "Wallahi ni ma ban sani ba. Da na sani, da tun ranar farko na gina."

Ranar na tsane ta, ba zan ɓoye maka ba. A ganina malami shi ne wanda amsa take aljihunsa, in ya ga dama ya ba ka. Ashe duk makonnin nan bayan wadda ba ta san hanya ba muke bi. Na koma gida na sami Umma tana tuya, hawaye na zuba daga idonta saboda hayaƙi, yaron a bayanta ya langaɓe. Na ce ta ba ni shi in fita da shi waje. Waje kuma ruwa ake tsugawa. Na tsaya da shi a bakin zaure, ban san inda zan nufa ba.

Da gari ya waye na koma bayan aji, don ba ni da wani wurin komawa. Wata ƙawata ta ce bututun gidan burodi ya ɗara rufin tsawo, namu kuwa iyakarsa kafaɗarmu. Wani yaro ya ce bakin murhun ya yi faɗi, shi ya sa hayaƙin ya ga hanya mai sauƙi. Muka yi gardama har muka kusa dambe, Anti na tsaye tana jinmu. A ƙarshe muka ƙara gwangwanaye, muka rage baki, muka sake zaman jiran yumɓu ya bushe. Su kuwa iyaye sun fara sintiri ofishin hedimasta, wai 'ya'yansu na dawowa da laka a riga, littafi fayau ba rubutu, ga jarrabawa ta matso.

Yumɓun bai gama bushewa ba ƙanina ya sheme. Da hantsi ne, leɓɓansa suka yi fari fat, fiton ma ya ɗauke. Baba ya zuba mu a tasi sai asibiti. Wata nas ta karɓe shi, ta ɗaga 'yar rigarsa ta sansana, ta juyo a gaban mutanen da suka cika ɗakin ta ce, "A cikin murhu kuke kwantar da yaron nan?" Baba yana tsaye cikin farar rigarsa.

Ƙanina yana kwance a asibiti aka hura murhu na uku. Muna tsugune a rumfar bayan aji sai muka ga inuwar mutum. Baba ne. Ya dubi hayaƙin da ke fita ta bututu can sama da langa-langa, ya tattare rigarsa, ya durƙusa a laka, ya kai fuskarsa daf da bakin murhun. Ya daɗe a haka yana shaƙa. Da ya ɗago, ya dubi Anti ya ce, "Malama, gobe ku zo. Dukanku." Shi da kansa ya yi jigilar yumɓun a kujerar bayan tasin da ba ya yarda ko gyaɗa a ci a ciki.

Kafin a sallamo ƙanina murhun ya bushe a rumfar Umma. Ya rayu, alhamdu lillahi. Amma likita ya ce ƙirjin ya riga ya taɓu, haka zai yi ta lallaɓa shi. Anti kuwa ba ta ga ƙarshen shekara ba, ƙorafin iyaye ya yi yawa aka sallame ta, ban ma samu na yi mata sallama ba. Bayan 'yan shekaru aka rushe layinmu gaba ɗaya, muka kwaso komatsanmu zuwa Mararaba.

Yanzu 'yata ma ana ba su aikin da suke kira furojek. Kwanaki ta zo mini da nata, wai a gina gida da kwali. Ta ce ƙawayenta a Kasuwar Wuse iyayensu suke sayo musu ginanne, har da fenti. Na tambaye ta matsalar wa gidan zai magance, ta dube ni kamar na yi wani yare. Ban ga laifinta ba. Gas muke girki da shi, ba ta taɓa ganin bango ya yi baƙi ba, kuma haka nake roƙon Allah ya dawwamar mata.

Ƙanina yanzu magidanci ne, da 'yar robar shaƙa magani a aljihunsa duk inda ya shiga. Jiya, hayaƙin maƙwabciya bai gama washewa ba na kira shi. Ya ɗauka yana ta sallama, yana cewa, "Yaya, kina ji na kuwa?" Ina jin sa. Shiru na yi tukuna, don har yau sai na saurari numfashinsa kafin in amsa gaisuwarsa.