Birkin da Baba Ya Sauya a Makare

Jiya na kai motata garaji, makanike ya buɗe gwangwanin man birki kusa da ni. Warinsa ya bugi hancina, sai na nemi benci na zauna. Ya tambaye ni, "Hajiya, lafiya?" Na ce masa zafin rana ne. Ba rana ba ce. Bari in gaya maka abin da ban gaya masa ba.

Ina 'yar shekara tara muna zaune a unguwar Talladjé. Baba ma'aikacin gwamnati ne, bironsu, wato ofishinsu, yana unguwar Plateau. Yana da wata tsohuwar mota ƙirar Faransa, mai launin madara, wadda ya gada daga mahaifinsa a Damagaram. Ko madubinta bai yarda a canza ba. Kawu, ƙanen Inna, makanike ne, kuma duk zuwansa gidanmu sai ya tsuguna gefen tayar gaba ya girgiza kai.

"Yaya, tambur ɗin nan ya tsufa. Bari in sa maka diski."

Tambur, in ba ka sani ba, kamar kwanon ƙarfe yake a bayan taya, birki na tokare shi ta ciki. In ruwa ya shige shi sai ya yi santsi. Diski kuwa faifai ne a fili, ana matse shi ta gefe biyu, ruwa ba ya kwana a kansa. Baba ya san duk wannan. Amsarsa dai ɗaya ce: "Yadda tsohona ya bar ta, haka zan bar ta."

Kowace Lahadi yakan ɗauke ni mu gangara Gamkalley sayen kayan miya wurin wani tsoho Bazabarme mai lambu a bakin kogi. In mun doso, Baba yakan danna oda sau biyu, tsohon ya fito bakin hanya da kwandonsa. Hausarsa kaɗan ce, Zabarmancin Baba ma haka, amma sukan daɗe suna dariya. Ni kuma tsohon ba ya barina in tafi hannu banza, ko gwaiba ɗaya ce sai ya wanke ta a bokitinsa ya miƙo mini.

Wata Lahadi cikin tsakiyar damina aka kwana ana ruwa. Muka ratsa wani kududdufi da ya kai kusan ƙofar mota, muka fito, muka kama gangara. Tsohon yana tsallaka hanya da kwando a ka. Baba ya taka birki, motar ba ta ji ba. Ya sake takawa har ya ɗago daga kujera. Ya danna oda. Tsohon ya zaci gaisuwar da aka saba ce, ya tsaya tsakiyar hanya, ya ɗaga mana hannu yana murmushi.

Kafin la'asar tsohon ya cika a asibiti.

Ranar addu'ar uku, matarsa ta sa aka fassara wa Baba cewa kwanansa ne ya ƙare, sun yafe. Baba ya sunkuyar da kai ya ce mata, "Ajali na Allah ne. Amma ni an gaya mini."

Motar ta zauna ƙarƙashin dogon yaro har kaka ta wuce, ganye ya rufe gilashinta. Baba ya koma shiga taksi. Ya daina cin duk miyar da ta ji ɗanyen ganye. Sai da sanyi ya shigo ya aika a kira Kawu, ya ce masa, "Zo ka yi aikin nan."

Asabar huɗu suka yi a kai. Kawu ya yi ta yawo kasuwar tsofaffin ƙarafa har ya samo kayan wata mota irin tamu da ta fi ta ƙuruciya. Ya ɗaga gaban motar a kan kututture, ya cire tambur biyun, ya ɗaura faifan, ya sauya bututun mai. Ranar ƙarshe ya ce dole wani ya zauna ciki ya riƙa taka birki don a fitar da iska. Baba ya daɗe tsaye kafin ya buɗe ƙofar.

"Taka. Riƙe. Saki," in ji Kawu daga ƙarƙashi. Haka suka yi ta yi har Kawu ya ce, "Ya kama, Yaya, saki." Baba bai saki ba. Na ga goshinsa a kan sitiyari.

Da za a gwada, Baba ya sa aka kwara wa tayoyin gaba ruwa bokiti-bokiti. Ya ja layi da ƙafarsa a hanyar bayan gidanmu. Kawu ya taho da motar da gudu irin na ranar, ya taka daidai layin, motar ta tsaya cak. Baba ya auna da taku, goma sha ɗaya. Ashe ya taɓa komawa Gamkalley shi kaɗai ya auna can ma. "Daga inda na taka zuwa inda tsohon yake tsaye, taku ashirin ne," ya ce, ya shige gida. Bai ƙara tuƙi ba har ya rasu.

Motar tana nan a gidan har yau. Yanzu tsofaffin motoci sun zama abin ado, samari kan leƙo su ɗauke ta hoto da salula. Kwanan baya wani ya tsuguna ya duba tayar gaba ya ce, "Kash, Hajiya, wa ya ɓata ta? Ai da an bar mata birkinta na asali."

Na ce masa babana ne. Ya tambaye ni dalili. Na ce ya ƙarasa ɗaukar hotonsa, in zai fita ya ja mini ƙofar.