Alƙalancin Cibiyar Ruwa

Shekarar da aka turo ni Diffa daga Damagaram in koyar a lakwal, wato makarantar boko, na sauka a gidan wani dattijo manomin tattasai. Baba nake ce masa, shi kuma ya ce mini Mushe, yadda ake kiran malamin lakwal a can. Duk ranar Alhamis da yamma nakan bi shi garkarsa a bakin Komadugu, wajen Shetimari.

A gaban garkar akwai kututturen goriba a tsaye cikin kogi. In ruwa ya cika ya bugi kututturen, sai 'yan cibiyoyi su riƙa fitowa ta bayansa suna juyawa, kamar ana dama fura da ludayi. Baba da maƙwabcin garkarsa, wani tsoho mai jar dara, sun daɗe suna wasa da su. Kowa ya zaɓi cibiya ɗaya. Baba ya jefa wa tasa busasshen tattasai, maƙwabcin ya jefa ɓawon gyaɗa. Wanda aka haɗiye tasa shi ke dafa shayi.

Sun san halin abin sarai. In biyu na juyawa ta hannu guda, sai su yi ta zagaya juna, kowace na jan jelar 'yar'uwarta, har su zama babba guda. In wannan na bin dama waccan na bin hagu, ba sa haɗuwa, sai su jera su tafi tare.

Ran nan cibiyoyinsu suka haɗe, tattasai da ɓawon gyaɗa suna zagaye a wuri ɗaya, gardama ta tashi.

"Mushe, kai ka yi boko," in ji Baba. "Ta wa ta ci ta wa?"

Na gyara murya na ce babu wadda ta ci wata, duka biyun sun narke ne sun zama sabuwa. Suka dubi juna.

"To ashe ba wanda ya faɗi cikinmu," in ji maƙwabcin. "Ga gawayi can, Mushe."

Ni na dafa shayi a ranar, suka kuma ce sukari bai ji ba.

Da mako ya zagayo maƙwabcin ya zo da sandar gora, wai zai yi wa tasa ƙarin ƙarfi. Ya duƙa yana damawa, ashe ta baibai yake juyawa. Darar ta zame daga kansa ta faɗa ruwa, cibiyoyi biyu suka sa ta a tsakiya suka yi gaba, tana tafe a miƙe kamar an yi mata rakiya. Muka bi gaɓa da gudu, Baba na dariya yana tuntuɓe da kunyar tattasai.

Wani masunci daga tsallaken Najeriya ya tsamo ta da filafilin kwalekwale. Ya matse ta, ya ɗora a kansa, ya ɗaga mana hannu, ya ci gaba da jan komarsa.